Iyo a kan benci

A shekarar da aka sallami Baba daga aiki a tashar jiragen ruwa, sai ya rasa abin yi, ya waiwayo kaina. Kafin nan bai damu da inda nake yini ba. Ni da abokina, ɗan mai suya na bakin layinmu a New Bell, mukan sulale zuwa Youpwé mu faɗa ruwa tsakanin kwale-kwalen masunta, mu dawo muna ƙarnin kifi, iyayenmu mata su yi ta faɗa. A can wani malamin iyo ya gan mu, ya ce mu riƙa zuwa pisin, wurin iyon da yake koyar da yara. Ya kuma yi suɓutar baki a gaban Baba cewa yaron da ya yi fice ana iya tura shi karatu Faransa. Daga ranar iyo ya daina zama wasa a gidanmu.

Baba bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, amma nan da nan ya fi malamin sanin iyo. Sai kuma aka shiga watannin rufe gari, ba taksi, ba kasuwa, pisin ma aka garƙame shi har ruwansa ya zama kore. Na ɗauka na huta. Ashe Baba ya hango bencin da ke tsakar gida.

Kullum da hantsi sai in kwanta rub da ciki a kan bencin nan, abokina ya riƙe mini ƙafafu, in yi ta tuƙa iska da hannuwa. Baba na kujera da rediyo a cinya yana cewa, "Juya kai, shaƙi iska, alle, alle," wato maza-maza da Faransanci. Matan gidan haya suna wanki suna ƙunshe dariya. Ƙirjina ya yi ta ciwo, kuma na gaji, gajiyar da barci ba ya cire ta. Abin da ya riƙe ni kawai shi ne abokina, wanda kan sosa mini tafin ƙafa in Baba ya kau da ido, daga nan mu yi musanya, shi ya hau ni in riƙe.

Da aka buɗe pisin, malamin ya ce saboda halin da ake ciki yaro ɗaya kawai za a kai gasar Yaoundé. Kowa ya san abokina ya fi ni gudu a ruwa, har Baba. Sai musanyar ta tsaya, ya zama shi riƙo kawai yake yi. Wata rana Baba ya kira shi bakin famfo, ya dafa kafaɗarsa ya daɗe yana magana ƙasa-ƙasa. Baba ne ya nema wa mahaifinsa wurin da yake gasa suyarsa, kuma duk layin sun san haka. Da na tambayi abokina abin da Baba ya faɗa masa, sai ya ce, "Ba komai, nasiha ce."

Ranar zaɓe na shiga ruwa ina addu'a abokina ya ci. In ya ci, shi ya tafi, ni kuma in huta. Da muka doshi ƙarshe sai na sassauta, ina jiran ya wuce. Bai wuce ba. Na leƙa ta ƙarƙashin hannuna na gan shi daidai kafaɗata, shi ma yana jan jiki yana jirana. Muka yi ta lallaɓawa kamar tsofaffi biyu a hanyar masallaci. Sai muryar Baba ta taso daga bakin ruwa, hannuwana suka bi ta kamar yadda suka saba, na taɓa bango.

Abokina ya fito yana ɗigar ruwa, ya je gaban Baba ya rusuna.

"Baba, na yi yadda ka ce."

Baba ya shiga gyara hularsa. Shi kuwa ya ɗauki rigarsa ya kama hanyar gida a ƙasa, bai jira mu ba.

A Yaoundé na zo can baya, maganar Faransa kuma ba wanda ya sake ɗaga ta. Abokina bai taɓa yi mini gori ba. Ya ci gaba da gaishe ni in mun haɗu a layi, irin gaisuwar da ake yi wa ɗan mai gida.