Halilu Ba Ya Barin Tsire Ya Huce

Shekara ashirin Halilu ya yi yana gashin tsire a unguwar Briqueterie, tun zuwansa daga Garwa, kuma kowa ya san halinsa: ba ya yarda a ci namansa da sanyi.

Wata rana da la'asar, wata matafiya mai suna Salwa ta tsaya a teburinsa. Aikinta yawon garuruwa, tana ɗaukar hoton abinci, tana rubuta yadda ta ji shi. Halilu ya yanka mata tsire a takarda, ya barbaɗa yaji. Maimakon ta kai baki, sai ta zaro waya. Ta gyara albasa, ta ja baya, ta tsuguna, har kitsen ya daskare.

Halilu ya fizge takardar. "Baiwar Allah, ci kika zo yi ko kallo?" Ya sauke mata wani daga wuta. "Ci wannan yanzu, ina tsaye."

Ta ci tana hura yatsu. "Baba, ka yi gaskiya."

Bayan sati, 'yarsa Fatiha ta karanta masa abin da baƙuwar ta rubuta a intanet da Faransanci. Babu hoton nama, sai fuskarsa a murtuke. Tun daga nan, har daga Duwala ake zuwa neman tsohon nan mai faɗa.

Bai sake ganin Salwa ba, amma kullum tana cikin addu'arsa. "Na lallaɓa dubban masu saye," in ji shi, "ashe wadda na daka wa tsawa ce za ta buɗe mini kasuwa."