Tukunyar Philomena

A shekarun da arzikin fetur ya fara cika titunan Kano da sababbin motoci, babu ma'aikacin tashar jirgin ƙasa da bai san farfesun Philomena ba. 'Yar ƙabilar Ibo ce, a Sabon Gari aka haife ta, Hausa a bakinta kamar 'yar Fagge. Mijinta Cyprian makanikin jirgi ne, mutum shiru-shiru.

A 1976 wani ƙullutu ya fito wa Cyprian a wuya. Asibiti suka ce ciwon daji ne, suka fara yi masa wata allura mai ƙarfi ta jijiya. Ƙullutun ya fara sacewa, amma kwana shida bayan allurar farko bakinsa ya yi gyambo, cikinsa ya dinga murɗa, ga gudawa har da jini. Ko kunu ya sha sai ya dafe ciki yana nishi.

Philomena ta tambayi wani matashin likita dalili. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Ki rage masa yaji."

Wannan magana ce ta jawo mata masifa. Boniface, yayan mijinta, yana tsaye ya ji. Kafin Lahadi labari ya zagaye coci cewa ita ke zuba wa mijinta wani abu a abinci. Masu cin farfesunta suka fara ratse wa rumfarta. Matar da ta shekara goma sha takwas tana ciyar da mutum, yau ita ake nunawa da baki! Ta wuni a gaban murhu tana huci, tukunya cike, ba mai saye.

Ranar allura ta biyu ta tsaya a ƙofar ɗakin marasa lafiya ta ce babu mai taɓa mijinta sai an gaya mata abin da ke cin cikinsa. Masinja ya yi, mai gadi ya yi, ta ƙi gusawa. Sai ga Sista Liya, wata dattijuwar nas 'yar Zariya, ta ja ta gefe, ta kira ta da sunan 'yarta.

"Maman Adaeze, ba girkinki ba ne. Allurar nan duk abin da ke saurin tsiro a jiki take kashewa, har da fatar cikin hanji. Idan hanjin ya saɓule, sai garkuwar jiki ta taru a wurin don ta yi faɗa. Garin faɗan wurin ya kumbura, ya yi zafi, raunin ya ƙara faɗi. Ko ruwa zalla kika ba shi, haka za ta faru."

"Kun san da haka, Sista?"

"Mun sani."

"Kun sani kuka bar ni ina yawo da sunan mai kisa? Jimla biyu ce fa! Bakin wa za ta yage?"

Ta fita ba ko mayafi, ta samu Boniface a shagonsa na kayan keke, ta riƙe masa hannun riga har asibiti.

"Yaya, da kunnenka ka ɗauki waccan magana, da kunnenka za ka ɗauki wannan. Sista, maimaita masa."

Liya ta maimaita. Boniface ya sunkuyar da kai ya ce kuskure ne. Philomena ta ce a coci ya faɗa, a coci zai janye, kuma sai da ya tashi gaban jama'a ya janye.

An ɗaga allurar mako biyu, aka yi wa Cyprian ƙarin ruwa, aka rage yawan maganin. Hanjin ya warke a hankali. Ya koma aiki, ya ƙara shekara huɗu kafin ciwon ya dawo ya tafi da shi.

A tsawon shekarun nan, duk ranar da ta raka shi asibiti sai ta zauna kusa da matan sababbin marasa lafiya ta faɗa musu abin da zai biyo bayan allura, da babbar murya, ko likita na wurin. Sau biyu ana korar ta daga ɗakin. Ta taga ta ƙarasa bayanin.