Rariyar da Na Kai Argungu Gwaji

Birnin Kebbi, biyar da rabi na asuba

Ina idar da sallar asuba ranar Asabar na rataya jaka na bar gida a unguwar Nasarawa. Jihar Kebbi ba ta fi shekara biyu da kafuwa ba, ni kuma ƙaramin jami'in lafiya ne mai ji da kansa. An sa ni rubuta rahoto kan tsargiya, ciwon fitsarin jinin nan da ke addabar mutanen fadama. Ran Litinin za a aika da shi ga masu rabon magani, kuma jihar da ba ta nuna shaidar bincike ba, sai ta jira zagaye na gaba.

Na riga na je Sakkwato, inda aka nuna mini kwamfuta mai faifai ɗauke da sunayen takardun likitocin duniya. Ba a bin su ɗaya bayan ɗaya. Jerin kalmomi ake ba ta ta tace, mu muna ce wa jerin rariya. Tawa ta ce: tsargiya, yara ko manoma, Jihar Kebbi. Kafin in gyara zama ta amsa, babu ko ɗaya. Abin ya dame ni, amma wa zai yi gardama da na'ura? Haka na rubuta. Shugabata, Hajiya Kulu, ta karanta ta ce, "Wa yag gwada rariyag ga? Tahi Argungu wurin Baba Manu ka gwada ta tukuna." Ba da son raina na tafi ba.

Hanya

A tasha, motarmu Fijo ta cika shida da kwata. Tafiyar kilomita hamsin ce da 'yan kai. Gari ya waye mana gab da Ambursa, shinkafa kore shar har inda ido ya ƙare, mutane tsundum cikin ruwa har gwiwa. A wani shinge ɗan sanda ya buɗe jakata, ya ga takarda zalla.

"Malam, mi kaka kaiwa Argungu?" in ji direba bayan mun wuce.

Na ce rariya zan kai gwaji. Ya dube ni ta madubi ya ce, "Allah shi ba da lahiya."

Argungu, takwas saura

Baba Manu tsohon malamin asibiti ne da ya yi ritaya, gidansa kusa da gulbi. Na gaishe shi a durƙushe, aka kawo kunu da ƙosai, sannan ya buɗe wani ɗaki. Na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Mujallun likitoci ne daga ƙasa har rufi, an ɗaure su dami dami da igiyar kaba, kowane dami da shekararsa, ƙarƙashi an zuba toka saboda gara. Duk likitan da aka canza wa wurin aiki, shi yake bar wa kayansa. Ban taɓa sanin akwai irin wannan dukiya a jiharmu ba.

Bai duba wani katin jerin sunaye ba. Ya miƙa hannu nan, ya miƙa can, ya zaro takardu goma sha biyu ya jera a tabarma.

"Ɗana, waɗanga dut na san su, kan tsargiya anka yi su, cikin ƙasag ga tamu. Kai ne injin yanzu. Wadda kalmominka sunka kama, aje ta dama. Wadda sunka bari, hagu."

Na ɗauki ta farko. Tsargiya akwai, yara akwai, amma Lardin Sakkwato aka rubuta. Hagu. Ta biyu Ƙasar Gwandu, ta uku Jihar Arewa maso Yamma. Kafin azahar duka goma sha biyun suna hagu, gumi yana bin bayana.

"Jiharku jaririya ta," in ji shi. "Ciwon ko ya girmi kakanka. Murnar sabon suna tas sa ka mance tsohhi."

Bayan mun ci tuwon shinkafa da kifi muka sake rariyar. Na zuba tsoffin sunaye, na cire tsargiya don kada wani abu ya kuɓuce. Ta kama goma sha ɗaya daga cikinsu, amma da muka bi da ita ta wani dami sai ta kwaso har takardar ciwon awaki. Baba ya yi dariya har da tari. Muka mayar da tsargiya da sauran sunayenta na likitanci, muka sake bi. Sai da la'asar ta kama goma sha ɗaya ba tarkace. Ta ƙarshen ba ta ambaci lardi ko jiha a sunanta ba, ya ce in rubuta a rahoto cewa rariyar tana da wannan rami.

Ina tattara kaya ya tambaye ni ɗan ina ne. Na ce Zauro. Ya tambayi shekarun da na yi firamare, na faɗa. Ya ɗauko wannan ta ƙarshen ya buɗe shafin tsakiya.

"Ka tuna ranar da anka raba muku 'yan kwalabe makaranta?"

Na tuna. Mun yi layi bayan aji muna dariya, kowa na ɓoye kwalbar fitsarinsa a riga, tawa ma ja ce da jini.

"Ni nar raba su," in ji shi.

Na daɗe ina kallon jerin lambobin shafin, na san ɗaya daga ciki ni ne. Kunya ta kama ni. Da hannuna na rubuta ba a taɓa bincike a kanmu ba.

Komawa

Baba ya ba ni aron takardun a buhun shinkafa, da sharaɗin in dawo da su da ƙafata. Na samu motar biyar da rabi, buhun a cinyata, na hana a sa shi a but. Na shiga gida ana kiran magariba, na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na yi wa Baba Manu da Hajiya Kulu addu'a. Washegari na yage shafin farko na rahoton, na fara sabo da sunan makarantarmu.