Dutsen Niƙan Da Na Ɗauko Daga Bayan Kiyawa

Muna idar da sallar asuba muka bar Limawa a babur, ni da wani mai walda da muke aiki tare. Shi yake tuƙi, ni ina riƙe da jakar sifanu, injin waldarsa ɗaure a baya. Wata Hajiya ce ta kira mu daga wani ƙauye bayan Kiyawa. Tana da tukunyar tururi a cikin gida, da ita take turara shinkafa. Ta ce bawul ɗin tukunyar ya lalace, sai fito yake yana zubar da tururi, mu zo mu toshe shi da walda.

Titi lafiya lau har Shuwarin. Can muka ci ƙosai. Kuɗinsa ya ƙaru, shi kuma ya ƙanƙance. Bayan Kiyawa muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Sau biyu na sauka na tura. Gonaki an girbe, shanun Fulani suna cin kara, ba su da niyyar ba kowa hanya.

Da hantsi muka isa. Tun daga zaure na ji abin da ban so ba: shiru. Wuta na ci sosai, amma babu fiton da aka kira mu dominsa. Na leƙa. An rataye ɗan dutsen niƙa da waya a hannun bawul. Mata biyar suna shanya shinkafa dab da tukunyar, ɗaya da goyo.

Bawul ƙofa ce. In tururi ya yi yawa sai ta buɗe da kanta. In an danne ta, ƙarfen tukunyar ne zai buɗe. Na taɓa tsayawa kusa da tukunyar da ta buɗe haka. Kunnena na hagu tun ranar bai sake ji ba.

Na ce kowa ya fita waje. Ƙanin Hajiya, wanda yake zuba buntu a wuta, ya nuna mini agogon tukunyar, mai auna ƙarfin tururi.

"Malam, dubi allurar mana. Ko rabi ba ta kai ba."

"Janye wutar."

Ya janye yana ƙunƙuni. Ya ɗauko bokitin ruwan sanyi zai watsa wa tukunyar, na riƙe masa hannu. Na sa doguwar gora daga bayan katanga na zame dutsen. Ƙarar da ta fito sai da ta kori kajin unguwar.

Muka zauna jiran ta huce. Aka kawo mana dambu da zogale, da fura mai nono sosai. Abokin tafiyata ya ci nasa ya taya ni. Hajiya ta zo ta tsaya a kanmu.

"Injiniya, walda na kira ku, ba hutu ba. Buhu huɗu na jiƙa, za su yi tsami."

"Hajiya, ki yi haƙuri zuwa azahar."

Bayan azahar na kai ta gaban tukunyar, na ce ta taɓa. Sanyi ƙalau. Na ce ta dubi agogon. Allurar tana nan inda take tun safe. Ban iya karanta lamba ba, amma na san tukunya mai sanyi ba ta da tururi.

Na kwance agogon. Siririn bututun da ke ƙarƙashinsa na zira wa silin keke. Laka da farin dattin ruwan rijiya suka zubo, sun bushe kamar siminti. Na wanke, na mayar, aka sake hura wuta. Allura ta tashi a hankali. Tana taɓa jan layi, bawul ya yi fito. Hajiya ta daɗe tana kallon mai goyon nan. Ashe 'yarta ce.

"Yau kwana nawa da rataya dutsen?" na tambaya.

"Uku," in ji ƙanin, kansa a ƙasa.

La'asar sakaliya muka kamo hanya, da shinkafa kwano biyu da ta ba mu. Dutsen ma na ce a ba ni, don kada a sake. Nauyinsa ya sa na tura babur sau huɗu a yashin. Mai walda bai kunna injinsa ba duk ranar, ya yi ta mita har muka hango duwatsun Dutse.

Abin da na koyo kaɗan ne. Mai ƙara aka ɗaure, aka gaskata mai shiru, don shi ne yake da lamba a fuska. Dutsen yana nan a gida, da shi nake tare ƙofar ɗakina.