Ƙwan da na nuna wa Yaya Bintu

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata Bintu, mai bandar kifi a wani ƙauye gefen Kirikasamma. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in fasa. Bana ma da na fasa, ba don wata likita ta zo mini da fayil ɗinta ba.

Ni ma'aikacin ɗakin awo ne a asibiti a Hadejia. Aikina in zuba wa fitsari da bayan gida ido a madubin da ke ƙara girman abu, in nemo ƙwan tsutsa. Yaya Bintu ce ta goye ni, kuma ita ta fara kirana Likita don tsokana, tana sane da cewa ni ba likita ba ne.

Da cikinta ya fara kumbura, ba wanda ya damu. A fadamarmu kowa ya san tsargiya. Cikin ruwa muka tashi, wanki da wanka da kamun kifi, kuma mun saba ganin irin wadda ke kama hanji da hanta ta tayar wa mutum ciki. Ta zo wurina ranar kasuwa, na karɓi bayan gidanta na duba, sai ga ƙwan tsargiya ɓaro-ɓaro da 'yar ƙayarsa a gefe. Wallahi daɗi na ji. Na jawo ta na ce ta leƙa.

Ta rufe ido ɗaya ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago.

"Likita, wannan ɗan mitsitsin ne ya cika ni haka?"

"Shi ne, Yaya. Ƙwaya za ki sha, shi ke nan."

"To. Amma akwai abu mai tauri a nan gefen hagu. Ni fa ciki nake yankawa kullum, na san ruwa na san ƙari."

Na yi dariya na ce cikin tarwaɗa daban, na mutum daban. Likitan da ke duba marasa lafiya ya ga takardata ya rubuta magani. Ban gaya masa zancen gefen hagu ba, ita ma ba ta maimaita ba, tunda ƙaninta mai ilimi ya riga ya yi magana.

Awon bai yi ƙarya ba, tsargiyar tana nan, kuma maganin ya kashe ta. Cikin ne bai sauka ba. Ta koma bakin murhunta, tana cin loma biyu ta ce ta ƙoshi, wuyanta na ramewa, zane na ƙin ɗauruwa. Na sake awo sau biyu ina neman ƙwan da zan ɗora wa laifi. Sai bayan wata bakwai aka yi mata hoton ciki, aka tura mu Kano, aka ce sankara ce a ƙwan haihuwarta, ta riga ta bazu. Ba ta kai wata damina ba. Ko sau ɗaya ba ta tuna mini da maganar ranar kasuwa ba.

Ban yi kuka ba a lokacin, har yau kuma ban yi ba. Ina zuwa aiki, ina cin abinci, ina zuwa suna da biki. Abin dai yana zaune ne kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Da za ta dawo yau, za ta tarar ciyawar kachalla ta ƙara cinye mashigin da jiragen masunta ke kawo mata kifi. Za ta ga ana hoton ciki a cikin gari ba sai an yi doguwar tafiya ba. Na san abin da za ta ce: injin ya samu, saura mai saurare.

Watan jiya wata likita da ke bin tsofaffin fayil-fayil na matan da suka yi irin wannan sankara ta same ni. Tana so ta ga ko cututtukan tsutsa na da wata alaƙa da ita. Ba ta ce akwai ba, ni ma ban sani ba. Ta buɗe fayil ɗin Yaya, ga takardar awona a sama, da rubutuna da sa hannuna.

"Malam, a nan an rubuta ranar hoto ce aka fara jin ƙarin. Haka ne?"

Da na ce haka ne, da ta rubuta ta wuce, ba mai ƙaryata ni. Mutum biyu ne suka ji waccan magana, ɗaya tana ƙasa.

Na ce, "A'a. Wata bakwai kafin nan ta faɗa. Ni ta gaya wa."

Ta dube ni, ta gyara kwanan watan. Ni dai ban ji wani nauyi ya sauka ba.

Yaya ba ta bar gida ko gona ba, murhun bandar ma ruwa ya rushe shi. Maganarta ta gefen hagu ce ta rage. Duk macen da na samu ƙwai a awonta, kafin in miƙa mata takarda nakan tambaye ta ko akwai inda take jin tauri, in rubuta amsar da jan biro don likita ya gani. Allah Ya jiƙan Yaya Bintu. Ita ta fara gano cutarta, kuma sai bana aka rubuta hakan.