Hannun Nagisa a Tukunyar Tokuji

Duk unguwa an san Tokuji Abiko da abu biyu. Ya yi shekara talatin yana tuƙa bas a Yamagata bai taɓa makara ba, kuma ba a taɓa masa tukunya. Da girbi ya zo aka fita bakin kogi dafa imoni, wato romon gwaza da nama, shi ke tsaye kan wuta da ludayi sai ka ce ɗan sanda. Gwaza ke fara shiga, sai konnyaku, abin nan mai danƙo da ake yi da garin saiwa, sannan naman shanu, albasa a ƙarshe. Matarsa Fumie, har ta rasu, aiki ɗaya ya yarda ta yi: yayyaga konnyaku da hannu, don yankan wuƙa ba ya shan romo. Mutumin kirki ne, amma a bakin tukunya wallahi ba ya da daɗin zama.

Bana sai 'yarsa Chizuru ta zo da damuwa. 'Yarta Nagisa, mai shekara uku, ba ta cin komai sai farar shinkafa. Wata shida nauyinta ya tsaya cak, likita ya ce in bai motsa ba za a kwantar da ita a yi bincike.

"Kawo ta," in ji Tokuji. "Ba a haifi mai ƙin imonina ba."

Ashe an haifa. Lahadi biyu yana miƙa kwano, yarinya tana kawar da kai. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Lahadi ta uku ya zauna yayyaga konnyaku, yatsun tsufa suka ƙi ba shi haɗin kai, abu sai suɓucewa yake. Nagisa ta tsuguna tana kallo.

"Kaka bai iya ba," ta ce, ta tsoma hannu cikin kwano.

Ya buɗe baki zai daka tsawa, sai ya ga fuskar Chizuru, wadda ta fi 'yar tata ramewa. Ya haɗiye. Yarinya ta yi ta tsinka ƙanana kamar wake, rabi a kwano rabi a ƙasa. Ta ce ita za ta zuba. Gwaza ko tafasa bai yi ba, amma ya ɗaga ta sama ta watsa.

Da aka sauke, ta leƙa kwanonta. "Ina nawa?"

Ta tsinto ɗaya ta ci. Ta tono wani manne da gwaza, ta cinye su tare. Na uku ya zo da nama, shi ma ya wuce. Chizuru ta juya wajen kogi tana share ido.

Ƙarshen wata Chizuru ta zo da labari: nauyi ya ƙaru, babu zancen asibiti. Tokuji ya zuba imoni a ƙaramin kwano, ya ajiye gaban hoton Fumie, ya haɗa tafuka ya gode mata, ya daɗe yana godiya.

"Baba," in ji Chizuru daga bakin ƙofa, "ni fa shekarata talatin da biyar, ban taɓa juya tukunyar nan ba."

Ya dube ta, kunya ta kama shi. Ya ɗauko ludayi ya miƙa mata.

"Gwaza ke fara shiga," ya ce.

"Na sani, Baba. Tun ina kamar Nagisa nake kallo."