Tukunyar Rakiya mai jan zare

Shekara bakwai ke nan cif da aka kai ƙanwata Rakiya makwancinta a nan Maryland, kuma har yau akwai masu rage murya idan an ambaci sunanta, su ce, "Allah ya jiƙanta, amma dai wannan tafiya tata..." To, yau a kan wannan tafiyar zan yi magana, kuma ba zan rage murya ba.

Rakiya ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Largo. Tana da shekara arba'in da huɗu, da mijinta da 'yarta ɗaya, ta same ni a gida a Clinton ta ce za ta Guatemala wata uku koyon Sifaniyanci, kuma a gidan wasu mutane za ta zauna, ta ci abincinsu. Dalilinta wata tsohuwa ce a asibitin da ta riƙe mata hannu tana ta maimaita magana ɗaya da Sifaniyanci, kafin a samo tafinta ta waya rai ya yi halinsa. "Yaya, har yanzu ban san me ta roƙe ni ba," in ji ta. "Ƙila ma ruwa ne kawai."

Na ce ai ga ajin yamma nan a Wheaton, kusa da gidanta. Ta dube ni da wannan idon nata na tsokana, ta ce, "Yaya, ke Hausar da kika iya a aji kika koya?"

Mijinta Malam Sani ya amince, ya kuwa sha baki. Wai ya saki matarsa ta tafi gidan da ake cin alade, ga gicciye a bango. Masu wannan magana ba baƙi ba ne, namu ne, waɗanda muke haɗuwa da su wurin suna da sallar Idi. Ni ma na faɗa, har sau biyu, a gabansa.

Ta dawo bakinta cike da yaren mutane, akwatinta kuwa ba wata tsaraba sai wata tukunya ta alminiyom da jan zare ɗaure a mariƙinta. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ta buɗe baki za ta ba ni labarin tukunyar, na katse ta da tambayar ko ta samu tana salla a kan lokaci. Ba ta sake ɗauko zancen ba.

Shekara uku bayan nan ciwon daji ya ɗauke ta. Ranar addu'ar bakwai gidanta ya cika da mata, sai ga wata maƙwabciyarta 'yar El Salvador mai suna Rosa, wadda Rakiya kan raka wurin likita ta yi mata tafinta. Ta shigo tana kuka, rungume da tukunya naɗe cikin tawul. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya. Wata Hajiya ta matso kunnena ta ce, "Kin dai san mutanen nan ba sa girki sai da alade." Ban tambayi kowa ba. Na zagaya bayan gida na juye miyar da ke ciki a shara.

Mu kuwa a wurinmu kwano ba ya komawa hannun mai shi fanko. Don haka na tsaya wanke tukunyar don in zuba mata cincin da dabino, a nan hannuna ya taɓa zaren. Tukunyar Rakiya ce.

Da na mayar, Rosa ce ta ba ni labarin da na hana ƙanwata ba ni, cikin guntun Turancinta. Ranar da Rakiya ta sauka a Guatemala, ta yi wa matar gidan, Doña Marta, bayani da hannu da ka cewa ba ta cin alade. Kashegari tsohuwar ta je kasuwa ta sayo sabuwar tukunya, ta ɗaura mata jan zare don kada kowa a gidan ya yi kuskuren dafa wani abu a ciki. Wata uku wake da ƙwai da kifin Rakiya daga nan suke fitowa. Da ciwo ya kwantar da ita, sai ta ba Rosa tukunyar. Rosa kan je shagon mutanenmu a Wheaton ta sayo kaza yankan Musulmi, ta yi mata miyar da ita kaɗai ke zama a cikinta. Irin wannan miyar ce na zubar. Ta tambaye ni ko mutane sun ci, na ce sun ci har sun yaba.

Nakan tambayi kaina me Rakiya za ta ce da zamanin nan, da kowa ke ɗaga waya ta fassara masa magana nan take. Na san dariya za ta yi, ta tambaya ko wayar ta iya riƙe hannun marar lafiya. Abin da ba zai ba ta dariya ba shi ne mu. Muna layi ɗaya da mutanen nan a motar bas, yaranmu na aji ɗaya da nasu, amma har yau ba mu san sunan wadda ke ƙofa da ƙofa da mu ba.

Bana 'yarta Zainab ta cika ashirin, ta ce ita ma can za ta, gidan Doña Marta, wadda har yanzu tana raye. Mahaifinta ya ce magana tana hannuna, tunda ni na riƙe ta bayan rasuwar uwarta. Hajiyar nan mai zancen alade ta kira ni a waya ta ce, "Yanzu marainiyar Allah za ki bari ta bi sawun uwarta?" Na ce, "Hajiya, sawun uwarta nake roƙon Allah ta bi." Na ajiye wayar, ban kuwa yi nadama ba.

Makon jiya na je aron tukunyar don in sa wa Zainab a akwati, na kuma daure na gaya wa Rosa gaskiyar da na ɓoye shekara bakwai. Ta ce ta sani, 'yarta ta hango ni ta tagar kicin ɗinsu tun ranar. Ban taɓa jin kunya irin wannan ba. Game da tukunya kuwa, ta ce ba sai an wahala ba, ita ce ke yi wa Zainab tafinta a waya da Doña Marta, tsohuwar kuwa ta riga ta sayi sabuwa, zare ma ta ɗaura.

Rakiya ba ta bar wa kowa gida ko fili a Zariya ba. Abin da ta bari ke nan: 'ya marar tsoron mutane, da tsohuwa a wata ƙasa da ta san abin da Musulma ba ta ci. Ranar Asabar za mu yi mata addu'a a gidana, kuma Rosa ce za ta yi miyar, a cikin wannan tukunyar. Ni zan fara sa hannu. Wadda ta san ba za ta ci ba, ta yi mata addu'ar daga gida, Allah yana ji.